Digirin lafiya na shekara biyu a Amurka: me ya sa sai talaka ne ke sayensa da tsada?

Duk wanda ke hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, ko bas a Houston da Atlanta, ya saba da tallan nan har ya daina kallonsa: matashiya cikin shuɗiyar rigar asibiti, abin sauraron ƙirji rataye a wuya, tana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa cikin wata 18 ko 20 kai ma za ka zama ma'aikacin lafiya, akwai ajin dare, akwai tallafi ga wanda ya cancanta, ga lambar waya. Masu tallan su ne kwalejojin koyon sana'a masu zaman kansu, akasarinsu kamfanoni ne da aka kafa don cin riba. Hajar da suka fi kasawa kuwa ita ce ƙaramin digiri na shekara biyu a fannin lafiya, wanda matsayinsa ya yi kusa da na difloma a wurinmu: aikin jinya, ɗaukar hoton ƙashi, sikanin, kula da masu matsalar numfashi, gashin ƙashi, taimaka wa likita a ɗakin tiyata ko a ofishinsa.

Ba ni da ja da digirin kansa. A ganina yana cikin hanyoyi mafi nagarta da Amurka ta tanadar wa mutumin da ya iso ƙasar da girmansa, ga iyali a wuya, ba shi da shekara huɗu ko shida da zai ba jami'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka bar tsarin: digiri ɗaya, jarrabawa ɗaya, lasisi ɗaya, amma wanda ya fi kowa ƙarancin hali shi ke biyan ninki uku ko huɗu, kuma da bashi. Kamfanonin suna da laifi babba. Gwamnatocin jihohi da suka bar ƙofar kwalejojin gwamnati a ƙuntace su ma suna da kaso. Mu kanmu baƙi, da muke tura juna wuraren nan ba tare da bincike ba, ba mu fita ba.

Asalin wannan digiri a aikin jinya ƙarancin ma'aikata ne ya haifar da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wata malamar jinya mai suna Mildred Montag, a bincikenta na digirin digirgir a Jami'ar Columbia, ta kawo shawarar cewa ana iya horar da nas ƙwararriya cikin shekara biyu a ƙananan kwalejoji, maimakon shekara uku a makarantun da ke jingine da asibitoci. A 1952 aka fara gwadawa a wasu kwalejoji ƙalilan, abin ya karɓu, ya bazu ko'ina. Har yau wadda ta yi shekara biyu da wadda ta yi huɗu jarrabawa ɗaya suke zaunawa, wato NCLEX, kuma lasisi iri ɗaya jiha ke ba su. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin nas mai cikakken lasisi ya haura dala 86,000 a shekara. Mai kula da tsabtar haƙori ya ɗan ɗara haka, mai sikanin wajen 84,000, mai kula da numfashi kusan 78,000, mai ɗaukar hoton ƙashi wajen 73,000. Waɗannan ayyuka duka ana iya shigarsu da digirin shekara biyu. Mai kula da tsoho ko nakasasshe a gidansa kuwa, aikin da matanmu da yawa ke yi a Bronx da Harlem da Newark, matsakaicin abin da take samu a shekarar bai kai dala 34,000 ba.

Tazarar nan ta wajen dala 50,000 ita ce ke hana mutane barci. Matar da ta taso daga Nima ko zangon Kumasi ko Damagaram, tana kwana a gidan wata tsohuwa, tana juya ta kada jikinta ya yi gyambo, tana canza mata ƙunzugu, tana kallon nas ɗin da ke leƙowa jifa-jifa ta auna hawan jini ta cike takarda ta tafi, ta san cewa hannunta ya riga ya saba da mara lafiya, karatun ne kawai ya rage mata. Idan ta ce ita ma tana so, ba kwaɗayi ba ne, haƙƙinta ne. Tambayar ita ce ta wace ƙofa za ta shiga.

Ƙofa ta farko ita ce kwalejojin al'umma na gwamnati. A Bronx kaɗai akwai biyu a ƙarƙashin jami'ar birnin New York: Hostos, da ke mahaɗar titin 149 da Grand Concourse, wadda ke koyar da jinya da hoton ƙashi da tsabtar haƙori, sai kuma Kwalejin Al'umma ta Bronx. Kuɗin makarantarsu ga mazaunin birnin dala 4,800 ne a shekara. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba bashi ba ne, ba a biyansa, ya kai dala 7,395 a shekara ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma mai katin zama na dindindin da wanda aka ba mafaka duk sun cancanci nema. Ke nan akwai mutanen da za su iya kammala karatun nan ba su ci bashin sisin kwabo ba. Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa. Kwamitin majalisar dattawan Amurka mai kula da ilimi da lafiya, a ƙarƙashin Sanata Tom Harkin, ya shafe shekara biyu yana bincikar kamfanoni 30 masu irin waɗannan kwalejoji, ya fitar da rahoto a 2012. Ya gano cewa matsakaicin farashin ƙaramin digiri a wurinsu ya kai wajen dala 35,000, alhali a kwalejin al'umma wajen 8,300 ne. Ya kuma gano cewa kashi 96 cikin 100 na ɗalibansu suna cin bashi, a kwalejojin al'umma kuwa kashi 13 ne. Farashi ya tashi tun daga lokacin, kuma na karatun jinya sau da yawa ya fi wannan matsakaici nesa ba kusa ba.

To me zai sa mai hankali ya bar mai araha ya tafi mai tsada? A nan ne masu sukar ɗalibai ke yin kuskure, suna ɗauka jahilci ne. Layi ne ke korar mutane. Shiga kwalejin al'umma abu ne mai sauƙi, amma shiga sashen jinya ko na hoton ƙashi a cikinta wani yaƙi ne dabam. Sai ka fara cin darussan share fage, ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kimiyyar sinadarai, Turanci, lissafi, kuma da maki mai kyau. Wanda Turancinsa bai nuna ba sai ya bi ta ajin gyara tukuna. Bayan nan akwai jarrabawar shiga, sannan ka yi takara da ɗaruruwan mutane a kan kujeru 'yan ƙalilan. Wanda bai samu ba sai zango na gaba ko baɗi. Shekara biyu ta kan zama uku, ta zama huɗu. Kujerun kuma ba don mugunta suka yi kaɗan ba. Nas mai digiri na biyu ta fi samun kuɗi a asibiti fiye da a aji, don haka malamai sun yi ƙaranci. Ba a koyon jinya a allo kaɗai, dole a shiga ɗakin marasa lafiya, malami ɗaya da ɗalibai kaɗan, asibitocin da ke karɓar ɗalibai kuwa suna da iyaka. Ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta daɗe tana bayyana cewa duk shekara makarantu na mayar da dubun-dubatar takardun neman shiga na waɗanda suka cancanta, saboda rashin malamai da wurin horo.

Wannan layi shi ne jarin kwalejin 'yan kasuwa. Na taɓa raka 'yar wani aminina ɗaya daga cikinsu. Da daddare ta cike fom a intanet, washegari tun da safe wayarta ba ta huta ba. Wanda ya tare mu mutum ne mai fara'a, ya kawo mana ruwa, ya zagaya da mu ɗakin gwaji mai gadaje da mutum-mutumin roba da ake koyon allura a jikinsu. Ya tambaye ta nawa ake biyanta a awa, yara nawa gare ta, a ina take son ganin kanta nan da shekara biyu. Ya ce aji zai fara ranar Litinin kuma kujera kaɗan ta rage. Da na nemi jimillar kuɗin tun daga farko har ƙarshe, sai ya ce sashen kuɗi ne zai yi wannan bayani, bayan an sa hannu a takardar neman shiga. Da na tambayi kashi nawa na ɗalibansu suka ci jarrabawar lasisi bara, sai ya ce zai nemo ya turo. Yarjejeniyar a kan 'yar kwamfutar hannu take, shafi bayan shafi da ƙananan rubutu, yana ja da yatsa yana nuna mata inda za ta taɓa. Da muka fito ta ce mini, "Kawu, na san da tsada. Amma su kaɗai ne suka kira ni. Can kuwa zarya kawai nake yi, kullum a ce in dawo." Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa.

Sai dai ya kamata a san daga ina wannan fara'a take fitowa. Rahoton Harkin ya nuna cewa a 2009 kamfanonin da aka bincika sun kashe kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗin shigarsu a talla da farautar ɗalibai, kashi 17 kacal a koyarwa, ribar da suka ɗauka ma ta haura abin da suka kashe a aji. A 2010 suna da ma'aikata sama da 35,000 masu aikin jawo ɗalibai, masu taimaka wa waɗanda suka gama su sami aiki kuwa wajen 3,500. Mutum goma ne ke jiranka a ƙofar shiga, ɗaya a ƙofar fita. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna abin da kamfanin ya fi damuwa da shi.

Kuɗin kuma akasarinsa ba daga aljihun ɗalibi yake fitowa kai tsaye ba, shi ya sa bai jin zafinsa a ranar sa hannu. Makarantar za ta taya ka cike fom ɗin neman tallafin gwamnati, ta karɓi Pell ɗinka gaba ɗaya, ta ɗora da bashin tarayya, wanda ga babban mutum mai cin gashin kansa iyakarsa dala 9,500 ce a shekarar farko, 10,500 a ta biyu. Idan duk wannan bai cike ba, sai a nuna maka bashin banki ko na makarantar kanta, mai kuɗin ruwa mafi tsanani. Akwai dokar da ta hana irin waɗannan kwalejoji samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗinsu daga tallafin tarayya. An yi ta ne da kyakkyawar niyya, amma wasu kamfanoni suka mayar da ita dalilin ɗaga farashi sama da iyakar tallafi, ɗalibi ya cike giɓin da bashin waje. A 2014 hukumar tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi ta maka manyan kamfanoni biyu, ITT da Corinthian, a kotu a kan irin wannan bashi. Kuma bashin karatu a Amurka ba kamar sauran basussuka ba ne. Ko mutum ya je kotu ya bayyana karayar arziki, da wuya a yafe masa shi. Yana bin mutum, ya ɓata masa suna a wurin masu ba da haya da masu sayar da gida.

Ga Musulmi akwai ƙarin nauyi, tunda bashin nan da kuɗin ruwa yake tafiya. Hukuncinsa maganar malamai ce. Amma kafin a kai ga tambayar ko larura ta halatta shi, a fara tambayar ko larurar ma akwai ta, tunda ga wata hanya da tallafi kaɗai ke iya biya.

Sai kuma rushewar kwalejojin kansu, wadda ta faru sau da yawa har ba za a kira ta tsautsayi ba. Corinthian, mai kwalejojin Everest da Heald, inda dubbai ke karatun taimaka wa likita, ta rufe a Afrilun 2015, makonni kaɗan bayan ma'aikatar ilimi ta ci ta tarar kusan dala miliyan 30 saboda ƙarya a alƙaluman waɗanda suka sami aiki. ITT, wadda take da nata sashen jinya, ta rufe rassanta wajen 130 a Satumban 2016. A Disamban 2018 kamfanin da ke da Virginia College da Brightwood ya bi sahu, ɗalibai wajen 20,000 suka wayi gari ba makaranta. A New York ma, ASA College, wadda baƙi suka cika azuzuwanta a Brooklyn da Manhattan, ta rufe a Fabrairun 2023 bayan an janye amincewar da aka yi mata. Gwamnati ta zo daga baya ta yafe wasu basussukan: a 2022 an soke dala biliyan 5.8 na mutum 560,000 da suka yi Corinthian, da biliyan 3.9 na mutum 208,000 da suka yi ITT. Madalla da hakan. Amma sai bayan shekara bakwai da rufe Corinthian aka yi hakan, kuma babu wanda ya mayar wa mutane daren da suka hana idonsu barci. Wanda ya ce zai ɗauki karatunsa ya ƙarasa a wani wuri ma sai ya tarar da bango. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗalibin da ya tashi daga kwalejin 'yan kasuwa zuwa ta gwamnati yana asarar kashi 94 cikin 100 na kiredit ɗin da ya tara, wato darussan da ya riga ya ci. Kusan daga farko zai sake.

Inda na fi so mutanenmu su buɗe ido shi ne nan. Abin da ake saye a karatun lafiya ba takardar digiri ba ne, izinin zaman jarrabawar lasisi ne. Amincewar da ake yi wa makaranta gaba ɗaya dabam, wadda ake yi wa sashen da za ka karanta dabam. Ta farko ita ke ba makaranta damar karɓar kuɗin tallafi, kuma ita kaɗai ba ta tabbatar da komai: hukumar ACICS, mai tantance makarantu, ta amince da ITT da rassan Corinthian da yawa har zuwa lokacin da suka faɗi, ita kanta gwamnati ta daina amincewa da ita a 2022. Ta biyu ita ce ke buɗe ƙofar aiki. Mai son zama mataimakin likitan gashin ƙashi, in sashensa ba shi da amincewar CAPTE, hukumar da ke tantance wannan fanni, ba zai zauna jarrabawar ba. Mai karatun kula da numfashi sai da amincewar tasu hukumar, CoARC. Mai karatun jinya sai hukumar jinya ta jihar ta sahale wa sashen, kuma asibitoci da jami'o'i da yawa suna duba ko yana da amincewar ACEN, hukumar da ke tantance karatun jinya. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a New York, inda dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2017 ta wajabta wa sabuwar nas mai digirin shekara biyu ta kammala cikakken digiri cikin shekara goma da samun lasisi. Idan jami'a ta ƙi karɓar kiredit ɗinki, dokar nan ta zame miki wani sabon bashi.

Akwai kuma digirorin da ba su kai mutum ga kowane lasisi. Za ka ga an rubuta ƙaramin digiri a kimiyyar lafiya, ko a ayyukan lafiya, ko a gudanar da ofishin likita. Sunan da daɗin ji, har iyaye a gida su riƙa cewa 'yarsu na karatun likita. Amma da ka tambaya wane aiki ne doka ta ce sai mai wannan takarda zai yi shi, sai a rasa amsa. Mafi yawan waɗanda na ga sun ƙone, a karatun mai taimaka wa likita a ofis suka ƙone, wato mai auna nauyi da zafin jiki, ya ɗebi jini, ya shirya fayil. Aiki ne mai mutunci kuma ana nemansa. Sai dai matsakaicin albashinsa a 2023 dala 42,000 ne, kuma a yawancin jihohi ba a buƙatar digiri kafin a yi shi. Satifiket na ƙasa da shekara ɗaya ya wadatar, wasu asibitocin ma su suke horar da nasu suna biyansu. Matar da ke samun 34,000 ta ci bashin dubun-dubatar daloli don ta koma 42,000, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ina ganin sayar wa mace mai 'ya'ya irin wannan digiri a irin wannan farashi zalunci ne, ko da doka ba ta hana ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare waɗannan kwalejoji ke da ita ban raina ta ba. Suna cewa duk shekarar da mace ta yi a layi, albashin nas na shekara guda ta rasa. Idan biyan ƙarin dala 30,000 zai sa ta fara karɓar 80,000 shekara biyu kafin lokaci, ai ta ci riba. Lissafin daidai ne, kuma akwai kwalejoji masu zaman kansu da ɗalibansu ke cin jarrabawar lasisi sosai, akwai nas-nas ƙwararru da ta nan suka bi. Ba zan ce wa kowa haramun ne ya shiga ba. Amma lissafin ya tsaya ne a kan sharaɗi biyu, ta gama, kuma ta ci jarrabawa. Rahoton Harkin ya gano cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka shiga neman ƙaramin digiri a kamfanonin nan sun fita ba su samu ba, da yawa cikin 'yan watanni. Za a ce kwalejojin al'umma ma mutane da yawa ba sa gamawa, kuma haka ne. Bambancin shi ne wanda ya fita daga kwalejin al'umma yakan fita da ɗan bashi ko babu, kiredit ɗinsa na nan yana jiransa in ya dawo. Wanda ya fita daga ɗayar, saboda yaro ya kwanta ciwo ko an canza masa lokacin aiki, yana fita da bashi a ka da takardar da ba mai karɓa. Rayuwar baƙo mai aiki biyu kuwa cike take da irin waɗannan dalilai. Shi ya sa nake cewa wannan ƙofa ta zama ta ƙarshe da za a ƙwanƙwasa, kuma don sana'ar da ke da lasisi da albashin da zai iya ɗaukar bashin kaɗai.

Gaggawa idan ta yi yawa har gidan yari takan kai. A Janairun 2023 masu gabatar da ƙara na tarayya suka tuhumi mutum 25 da sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600 daga makarantu uku a kudancin Florida, kowace a kan dala dubu goma sha wani abu. Masu saye da yawa sun zauna jarrabawar lasisi da takardun, wasu sun ci, sun fara aiki, daga baya jihohi suka bi su suna ƙwace lasisin. Duk wanda ya ce maka ya san makarantar da ba sai ka je aji ko asibiti ba, guje shi. Ran wani ne za a damƙa maka.

Abin da nake nema daga gwamnati ba sabo ba ne. Tunda kuɗin jama'a ne ke riƙe da waɗannan kamfanoni, sashen da ɗalibansa ke fita da bashin da albashinsu ba zai iya biya ba, a yanke masa tallafi. An kafa irin wannan ƙa'ida a 2014 zamanin Obama, aka soke ta a 2019 zamanin Trump, aka dawo da ita a 2023 zamanin Biden. Kariyar da ke canzawa duk lokacin da aka canza shugaba ba kariya ba ce da mace za ta jingina shekara goma na rayuwarta a kai. Amma ko an rufe dukkan miyagun kwalejoji gobe, layin nan yana nan, wasu za su taso su ci kasuwarsa. Jihohi kamar Tennessee da Michigan da Massachusetts sun ɗauke wa manya kuɗin kwalejin al'umma, New York ma a 2025 ta yi haka ga 'yan shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri, a fannonin da ake da buƙata, har da jinya. Mataki ne mai kyau. Sai dai kyautar kuɗin makaranta ba ta ƙara kujera ko ɗaya a ɗakin gwaji. Sai an biya malaman jinya abin da zai hana su komawa asibiti, an buɗe ajin dare da na ƙarshen mako domin masu aiki, an sa asibitocin da ke kukan rashin ma'aikata su buɗe ɗakunansu ga ɗalibai. Kuma sai kwalejojin gwamnati sun koyi abu ɗaya daga abokan hamayyarsu, wato a ɗaga waya, a zaunar da mutum, a zana masa hanyar tun daga darasin farko har ranar jarrabawa.

Namu kason ya fi sauƙi, kuma ba sai mun jira kowa ba. Hukumomin jinya na jihohi suna wallafa sakamakon NCLEX na kowace makaranta, shekara bayan shekara. Shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi yana nuna farashi, da yawan masu gamawa, da bashin da suke fita da shi, da abin da suke samu bayan sun gama. Duk kyauta ne, amma sai mai Turanci da natsuwa ne zai iya karanta su, kuma muna da irin waɗannan mutane. A cikinmu akwai nas-nas da masu hoton ƙashi da suka bi hanyar nan suka fita. Ƙungiyoyin zango da kwamitocin masallatai da ke iya tara dubban daloli a mayar da gawa gida, za su iya ware yammacin Lahadi guda a wata a zauna da duk mai shirin sa hannu, a buɗe yarjejeniyar a karanta, a nemi jimillar farashi a rubuce, a kira jami'ar da yake fatan ƙarasawa a tambaye ta ko tana karɓar kiredit ɗin wurin. Matar da ke aikin kula da tsofaffi a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta 1199SEIU a tuna mata cewa ƙungiyar na da asusun horo da ke taimaka wa mambobi da kuɗin karatu, mata da yawa suna biyan kuɗin ƙungiya shekara da shekaru ba su taɓa nema ba. Adashin da ake zubawa don biki da ashobi zai iya biyan darussan share fage ɗaya bayan ɗaya, ga matar da tallafi bai kai gare ta ba.

Waɗanda suka zama 'yan ƙasa a cikinmu kuma suna da ƙuri'a. Duk lokacin zaɓe masu neman kujerar majalisar jiha da ta birni suna zuwa masallatan Bronx ranar Juma'a, su cire takalmi, su yi sallama, a ba su minti biyar. Kasafin kuɗin kwalejojin nan ta hannunsu yake bi, a Albany, babban birnin jihar New York, da majalisar birni. Idan sun sake zuwa, a tambaye su kujera nawa za su ƙara a sashen jinya na Hostos da na Kwalejin Al'umma ta Bronx, nawa daga ciki na ajin dare ne, kuma a wace shekara.